Ƙwayar hawan jini da makarinta: tarihin da na bincika bayan abin da ya sami Kakata

1/ Hutun da ya wuce ina gida Rogo, Kaka ta tashi alwalar Asuba ta yanke jiki ta faɗi. Jikinta sanyi ƙalau, na kama hannunta da ƙyar nake jin bugun jijiya. Ashe kusan sati biyu tana shan atenolol ninki biyu: na asibiti da wanda aka sayo mata a kemis. Kwali daban, magani ɗaya. Ku biyo ni, akwai tarihi a nan. 🧵

2/ Mu koma 1948. Wani masani a jihar Jojiya ta Amurka, Raymond Ahlquist, ya ce sinadarin adrenaline, wanda ke sa gabanka dukan uku-uku idan ka tsorata, ƙofa biyu yake ƙwanƙwasawa a jiki: alfa da beta. Ƙofar beta ta zuciya ita ke ƙara mata sauri da ƙarfi. Shekaru ba a kula maganarsa ba.

3/ Sai James Black, ɗan Sikotland, a kamfanin ICI na Ingila. Masu ciwon ƙirji zuciyarsu na ƙarancin iska, kowa na neman yadda zai ƙara mata. Shi ya ce a'a, jakin da ya gaji rage masa kaya ake yi. A toshe ƙofar beta kawai. Haka propranolol ya fito a 1964, atenolol a 1976. Black ya karɓi kyautar Nobel a 1988, shekarar da aka kafa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

4/ To amma fa idan maganin ya yi yawa, ƙofar ta rufu gam. Bugun zuciya ya ja baya, jini ya sauka, jiri, suma. Propranolol har ƙwaƙwalwa yake shiga ya kawo jijjiga, yara kuma sukarinsu na iya faɗuwa. Likita ya ba da ruwa da allurar atropine, sau da yawa ba su isa ba. Ya ba da adrenaline, ta tarar da ƙofa a kulle. Ya za a yi?

5/ Makarin ya fito ta inda ba a zata ba. Tun 1923 Kimball da Murlin suka gano glucagon, kishiyar insulin: ita tana saukar da sukari, shi yana ɗagawa. A shekarun 1950 Earl Sutherland ya nuna cewa adrenaline da glucagon ɗan aike ɗaya suke turawa cikin ƙwayar halitta, sunansa cAMP. Shi ma ya ci Nobel a 1971.

6/ Kun gane dabarar? Glucagon yana da tasa ƙofar. An kulle zaure, ya bi ta ƙofar baya ya isar da saƙo. A 1960 Farah da Tuttle suka nuna yana ƙarfafa bugun zuciyar dabbobi, farkon shekarun 1970 aka fara ba wa waɗanda propranolol ya yi wa yawa. Matsalarsa: amai, tsada, saurin sakin jiki, ga kwalabe da yawa da mutum ɗaya ke cinyewa.

7/ A 1997 Kerns da abokan aikinsa suka gwada a kan karnuka, insulin ta fi glucagon ceton rai. Dalili: zuciyar da ta galabaita sukari take nema, insulin ke shigar mata da shi. Yau ana ba da insulin mai yawa tare da ruwan sukari, ana auna sukari da potassium a kai a kai. Aikin asibiti ne zalla, kada wani ya gwada a gida, wallahi kisa ne.

8/ Mu dawo gida. Daga Rogo ko Ƙaraye zuwa Kano ba nan kusa ba ne, balle da asuba. A asibitin da muka fara zuwa, malamar jinya ta ƙirga bugun ta dubi mahaifiyata: "Hajiya, ina magungunan da Baba take sha?" Allah ya sa Umma ta zo da ledar. Minti biyu aka gane matsalar. Aka yi mata atropine, aka sa ruwa, aka tura mu Kano. Kwana uku ta dawo tana yi mana faɗan goro.

9/ Don Allah ku riƙe waɗannan:
• Ku karanta ƙaramin sunan da ke ƙasan na kamfani. Atenolol, propranolol, bisoprolol, kusan duk mai ƙarewa da "olol" dangi ɗaya ne.
• Yaro ya haɗiyi ƙwayar tsoho, ko yana wasa a tafi asibiti da kwalin. Ban da manja, ban da sa shi amai.
• Mai sha kullum kada ya daina farat ɗaya sai likita ya ce.

10/ Yau ɗin nan ku zazzage ledar maganin tsofaffinku ku duba musu. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya. A tura wa 'yan uwa. 🙏🏾