Shekara Nawa Yaro Ke Zama Mai Laifi? Tarihin Shari'ar Yara a Khartum Daga Gidan Gyaran Hali na Aljirif

Gabatarwa

A gefen gabas na birnin Khartum, a bakin Shuɗin Nilu, akwai wata tsohuwar unguwa mai suna Aljirif. Kogin ya raba ta biyu, akwai Aljirif ta Yamma wadda ke haɗe da birnin, akwai kuma Aljirif ta Gabas a ƙetaren ruwa. Sunan ya samo asali daga kalmar Larabci "jarf", wato gaɓar kogi da ake nomawa bayan ruwa ya janye, irin abin da Bahaushe zai kira fadama. An san unguwar da lambuna da kuma wuraren gasa jan bulo. Sai dai a bakin iyaye da alƙalai da 'yan sandan Khartum da Umdurman, sunan yana da wata ma'ana ta daban, domin a Aljirif ta Yamma ne gidan gyaran halin yara yake. Jama'a suna kiran sa "Islahiyya", a takarda kuwa sunansa gidan tarbiyyar "ashbal", wato 'ya'yan zaki. Takwaransa na samari yana Kobar, a Khartum ta Arewa, kuma dukansu suna ƙarƙashin hukumar gidajen yari.

Duk ɗalibin da ya kai matakin digiri na biyu ko na uku yana nazarin laifukan yara da yadda ake yi musu shari'a, tambaya guda ce za ta fara tare shi: daga wace shekara ce hukuma ke ɗaukar abin da yaro ya aikata a matsayin laifi? Amsar tambayar nan ita ce ke buɗe ƙofar gida irin na Aljirif ko ta rufe ta. A Sudan amsar ta sauya sau da dama cikin shekara ɗari da 'yan kai, kuma wani reshe na tarihinta ya miƙo har Arewacin Nijeriya.

Gadon Turawa: Bakwai da Sha Biyu

Bayan yaƙin Karari na shekarar 1898, wanda ya kawo ƙarshen daular Mahadi a Umdurman, Ingila da Masar suka kafa mulkin haɗin gwiwa a Sudan a 1899. A wannan shekarar aka shimfiɗa dokar laifuka ta farko, aka sake tsara ta a 1925. Uwar wannan doka ita ce dokar laifuka ta Indiya ta 1860, wadda ta raba ƙuruciya hawa biyu. Yaron da bai kai shekara bakwai ba, babu abin da zai aikata a kira shi laifi. Wanda ya haura bakwai amma bai kai sha biyu ba, sai alƙali ya duba ko hankalinsa ya nuna har ya san abin da aikinsa zai haifar. Idan ya wuce nan, doka na kallon sa a matsayin mai amsa laifinsa, ko da za a sassauta masa hukunci.

A daidai wannan zamani ne ra'ayin ware yara daga manyan masu laifi ke yaɗuwa a ƙasashen Turawa. An buɗe kotun yara ta farko a birnin Shikago na Amurka a 1899, Ingila kuma ta yi dokar yara a 1908. Tunanin shi ne, yaron da aka kulle tare da gawurtattun ɓarayi zai fito da sana'arsu a hannu. Bahaushe ya riga ya san haka, tun da ya ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Daga wannan tunani aka samu gidajen gyaran hali inda ake haɗa tsarewa da karatu da koyon sana'a, kuma Aljirif reshe ne na wannan bishiya.

A nan tarihin ya taɓo ƙasar Hausa kai tsaye. Lokacin da Arewacin Nijeriya ke shirin samun mulkin kai, gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta kafa kwamitin masana shari'a a 1958 domin duba tsarin dokokin Jihar Arewa. Shugaban kwamitin shi ne Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Bisa shawarar kwamitin aka tsara dokar Final Kod a 1959 a kan samfurin ta Sudan, ta fara aiki a 1960. Sashe na 50 na wannan doka yana ɗauke da shekarun nan biyu, bakwai da sha biyu. Ke nan ma'aunin da alƙalin majistare a Kano ko Zariya ya daɗe yana auna yaro da shi, ta Khartum ya biyo kafin ya iso Kaduna. Wannan ba baƙon abu ba ne ga hanyar da alhazan ƙasa suka daɗe suna bi, wadda ta bar Hausawa da Fulani masu yawa a Sudan, a garuruwa irin su Mai Wurno a bakin wannan kogi na Shuɗin Nilu.

Daga Lissafin Shekaru Zuwa Alamun Balaga

A watan Satumba na 1983 Shugaba Ja'afar Numairi ya shelanta aiki da dokokin Musulunci a fagen laifuka, a wannan shekarar kuma aka yi dokar kula da ƙananan yara masu laifi. Daga baya gwamnatin Umar al-Bashir, wadda ta hau mulki a 1989, ta kafa dokar laifuka ta 1991. Wannan doka ta ɗora alhakin laifi a kan balaga, kamar yadda malaman fiƙihu suka ɗora hukunci a kan mukallafi. Baligi a wurinta shi ne wanda alamun balaga suka tabbata a jikinsa kuma ya cika shekara 15. Wanda ya kai 18 baligi ne ko da alamun ba su bayyana ba, wanda shi ne sanannen ra'ayi a mazhabar Malikiyya da almajiran ƙasar Hausa suka sani a zaurukan karatu.

Yaron da bai balaga ba, dokar ba ta kira shi mai laifi ba, amma ta ba kotu damar ɗaukar matakan kulawa da gyara a kan duk wanda ya kai shekara bakwai. Matakan sun haɗa da yi masa faɗa a gaban waliyyinsa, da bulalar ladabtarwa wadda ba ta wuce 20 ba ga wanda ya kai shekara goma, da damƙa shi ga mahaifi ko wani amintacce, da kuma ajiye shi a gidan gyaran hali na tsawon shekara biyu zuwa biyar. Mataki na ƙarshen nan shi ne hanyar Aljirif. Mai nazari zai lura da wani abu a nan: ɗan shekara takwas da doka ta ce bai yi laifi ba, yana iya shafe shekaru a tsare fiye da babban da ya yi irin wannan ƙaramar sata, domin shi babba hukunci aka yanke masa, yaro kuwa an ce gyara shi ake yi.

Wata matsalar ita ce tabbatar da shekarun. Yara da yawa, musamman na karkara da na sansanonin gudun hijira, ba su da takardar haihuwa. Sai a tura su wurin likita ya ƙiyasta shekarunsu ta duban jiki da haƙora, a ba da takardar da mutanen Sudan ke kira "tasnin". Kuskuren shekara ɗaya a wannan ƙiyasi yana iya raba yaro da gidan gyaran hali ya kai shi kurkukun manya.

'Ya'yan Rana

Doka ita ke faɗin wanda za a iya tsarewa, amma halin da ƙasa ke ciki shi ke kawo yaran gaban kotu. A 1983 yaƙin basasa na biyu ya ɓarke a kudancin Sudan, bai lafa ba sai 2005. Fari da yunwar 1984 zuwa 1985 kuma suka tarwatsa ƙauyukan Kurdufan da Darfur, dubban mutane suka yada zango a bayan garin Umdurman. Unguwannin bukkoki da sansanoni irin su Mayo da Jabal Auliya da Wad al-Bashir suka cika. Daga cikinsu yara suka kwararo kasuwannin Khartum da Umdurman suna goge takalma, suna wankin mota, suna dako da bara, wasu suna kwana a magudanun ruwa suna shaƙar gam ɗin facin taya. Mutanen gari suka sa musu suna "shammasa", daga kalmar Larabci ta rana, wato waɗanda rana ce rufin ɗakinsu. Hausawa na cewa yaro man kaza ne, in ya ji rana sai ya narke. Waɗannan kuwa a cikin ranar suka girma.

Martanin hukuma a shekarun 1990 shi ne kame. 'Yan sanda kan share tituna su kwashi yaran, a kai wasu gaban kotu da zargin gararamba, a kai wasu sansanoni na musamman a wajen gari, kamar na Abu Dom a arewacin Khartum, ba tare da shari'a ba. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan waɗannan sansanoni a 1995. Ƙungiyoyin cikin gida irin su Sabah kuwa suka riƙa ba yaran mafaka da taimakon lauya tare da neman danginsu. Darasin wannan zamani ga mai bincike shi ne, kalmar "mai laifi" da kalmar "mara galihu" sun cakuɗe a aikace. Wanda ya ƙirga yaran da ke tsare ya ce ya auna yawan laifi, wataƙila yawan yunwa da gudun hijira ya auna.

Dokar 2010 da Gyaran 2020

A matakin duniya, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin Beijin na shari'ar yara a 1985, sannan da yarjejeniyar haƙƙin yara a 1989, wadda Sudan ta rattaba wa hannu ta kuma tabbatar a 1990. Sannu a hankali aka fara sauyi. An yi dokar yara a 2004. A 2007 rundunar 'yan sanda ta buɗe sashen kare iyali da yara a Khartum da tallafin Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, inda jami'ai ke aiki tare da likitoci da ma'aikatan jin daɗin jama'a. A wannan shekarar ce kwamitin haƙƙin yara na Majalisar ya bayyana cewa bai dace a ɗora alhakin laifi a kan wanda bai kai shekara 12 ba.

Dokar yara ta 2010 ta bi wannan layi. Ta ce yaro shi ne duk wanda bai kai 18 ba, ta mayar da mafi ƙarancin shekarun ɗaukar alhakin laifi 12, ta tanadi kotuna da masu gabatar da ƙara na musamman ga yara, ta kuma buɗe hanyar warware wasu ƙararraki ba tare da an kai ga shari'a ba. Sai dai dokar 1991 tana nan ba a soke ma'anar baligi da ke cikinta ba. Ɗan shekara 16 ya zama yaro a wata doka, baligi a wata. Abin ya fi tsanani a shari'ar kisa, domin tsarin mulkin wucin gadi na 2005 ya hana hukuncin kisa a kan wanda bai kai 18 ba, amma ya keɓe haddi da ƙisasi. Shekara goma lauyoyi da alƙalai suna jayayya a kan wace doka ce gaba, ran yaro yana rataye a tsakani. Bayan faɗuwar al-Bashir a Afrilun 2019, gwamnatin riƙon ƙwarya ta yi gyare-gyaren watan Yuli na 2020, waɗanda suka mayar da shekarun girma 18 a dokar laifuka, dokokin biyu suka daidaita.

Fagen Nazarin

Wannan tarihi ya zama abin bincike a manyan makarantun birnin: tsangayar shari'a ta Jami'ar Khartum, da Jami'ar Nilain, da Jami'ar Ribat ta 'yan sanda da ke Burri ba nisa da Aljirif, da Jami'ar Mata ta Ahfad a Umdurman. Fannin ba na lauyoyi kaɗai ba ne. Masanin shari'a yana bin diddigin nassi da hukuncin kotu, masanin zamantakewa yana tambayar daga wace unguwa yaron ya fito kuma me ya raba shi da gida, masanin halayyar ɗan Adam yana duba abin da tsarewa ke yi wa ƙwaƙwalwar da ba ta gama nuna ba. Akwai kuma nauyin amana, domin yaron da ke tsare ba shi da cikakken ikon ƙin amsa tambayar mai bincike, saboda haka sakaya sunansa da neman yardarsa ta gaskiya wajibi ne.

Kammalawa

Ranar 15 ga Afrilu, 2023, yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojoji da dakarun kai ɗaukin gaggawa. Cikin 'yan kwanaki manyan gidajen yari kamar Kobar suka zama wayam, kotuna da jami'o'in birnin suka tsaya, miliyoyin yara suka bar gidajensu. Tsarin da aka yi shekaru ana ginawa ya sami kansa ba alƙali ba rajista, ga kuma sabon ayarin yara marasa makaranta da takardar haihuwa, wasunsu an ɗora musu bindiga. Duk ranar da al'amura suka koma daidai, waɗannan yara ne za su tsaya gaban kotuna, kuma tsohuwar tambayar za ta dawo da sabon nauyi.

Ɗalibin Hausa da ya karanta tarihin Aljirif zai ga hoton gida a ciki. Ga sashe na 50 na Final Kod, ga ma'aunin balaga a dokokin shari'ar Musulunci da jihohin Arewa suka fara aiki da su daga shekarar 2000, ga dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 mai cewa 18, ga gidan horon matasa na Kakuri a Kaduna, ga kuma yaran da ke kwana a tashoshin mota. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma maƙerin sanda ya san cewa ɗanyen ma yana karyewa idan hannu ya yi nauyi. Aikin mai nazarin wannan fanni shi ne ya gano, da hujja, wane hannu ne ke tanƙwarawa, wane ne kuma ke karyawa.