Madubin Likita: Asalinsa da Aikinsa a Ƙasar Hausa

Madubin likita na'ura ce mai ƙara girman abin da ido ba ya iya gani, kamar ƙwayoyin halitta da na cuta. Littattafai da dama sukan ce Zacharias Janssen, mutumin Holan, ya ƙirƙiro shi a 1590, amma maganar ba ta da tushe mai ƙarfi, domin ɗansa ne ya yi iƙirarin a 1655, uban ya daɗe da rasuwa. Abin da ya tabbata shi ne ana amfani da shi a Turai a shekarun 1620, kuma a 1665 Robert Hooke ya zana ƙwayoyin ɓawon itace.

Shekarun da suka fi shafarmu su ne 1873 zuwa 1904. A 1873 Ernst Abbe na Jamus ya nuna cewa madubi mai aiki da haske yana da iyaka: abin da bai kai kashi ɗaya cikin 5,000 na milimita ba, ba zai fito sarai ba komai kyan gilashi. Iyakar nan kuwa ta wadatar da masu duba jini. A 1880 Alphonse Laveran ya ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jinin wani soja a Aljeriya. A shekarar ce kuma Griffith Evans ya gano 'yar'uwar ƙwayar sammore a jinin dawaki da raƙuma a Indiya. Rinin Gustav Giemsa na 1904 ya ƙarasa aikin, har yau da shi ake yi: a soki yatsa, a shafa jini a gilashi, ya bushe, a rina, a ɗiga mai, a sauko da gilashi mai ninkawa sau 100. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro sai ta bayyana kamar zobe shuɗi mai jan dutse. Da wannan rini ake duba jinin raƙumi ko saniya, irin waɗanda ake kawowa karar Illela ran Lahadi.

An kafa ɗakin binciken dabbobi na Vom a 1924 don yaƙar cutar bushiya, ita kuwa ƙwayarta ta fi ƙarfin wannan madubi. Ganin irinta, da abin da ke cikin ƙwayar halitta dalla-dalla, sai madubin ilaktiron da Max Knoll da Ernst Ruska suka haɗa a Berlin a 1931, wanda ba a duba ƙwaya da ranta a cikinsa.

Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci a gwada jini, da madubi ko gwajin gaggawa, kafin a ba da maganin zazzaɓin cizon sauro.