Shekaru Goman da Aka Hana Masu Ciki Gyaɗa

A 1998 wani kwamitin masana na gwamnatin Birtaniya ya ba da shawara cewa mace mai ciki ko mai shayarwa, muddin akwai asma ko borin jini a gidansu, gara ta ƙaurace wa gyaɗa, kada kuma a ba ɗanta sai ya cika shekara 3. A 2000 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta bi sahu. Tsoron nasu na gaske ne: yaran da jikinsu ke ƙin gyaɗa suna ta ƙaruwa, yaro ya ɗanɗana kaɗan leɓensa ya kumbura, numfashi ya sarƙe kafin a kai asibiti. Sai dai babu gwajin da ya nuna cewa hanin yana kare kowa. Zato ne aka yi wa rigar doka, kuma a ganina nan kuskuren yake.

Za a ce ai rigakafi ya fi magani, kuma wanda ya bar cin gyaɗa bai yi asarar komai ba. Wannan hujja ta ɗauka cewa hani ba ya da nasa lahani. Mata da yawa da shawarar ba ta shafa ba su ma suka daina ci, amma cutar ba ta ragu ba. A 2008 Farfesa Gideon Lack da abokan aikinsa a Landan suka gwada yaran Yahudawa na Birtaniya da na Isra'ila, suka tarar cutar ta ninka kusan sau 10 a Birtaniya. A Isra'ila kuwa jariri tun bai shekara ba yake tsotsar Bamba, wani abin taunawa na masara da gyaɗa mai narkewa a baki, kamar yadda uwa a Kano ke ɗura wa ɗanta kunun gyaɗa ba fargaba. A wannan shekara ta 2008 Amurka ta janye shawararta, Birtaniya ta bi a 2009.

Mai shakka zai iya cewa bambancin ƙasa ne kawai. Binciken LEAP na 2015 ya amsa masa: jarirai 640 masu tsananin ciwon fata ko waɗanda jikinsu ke ƙin ƙwai, aka raba su biyu, wasu suna cin gyaɗa wasu an hana su. Da suka kai shekara 5, cutar ta kama kusan 17 cikin 100 na waɗanda aka hana, da 3 kacal na masu ci. Gaskiya ne wannan gwaji na jarirai ne, bai tabbatar da cewa cin uwa yana kare ɗan cikinta ba. Abin da ya tabbata shi ne ƙauracewarta ba ta da madafa. A 2017 hukumomin lafiyar Amurka suka juya umarnin gaba ɗaya: jariri mai haɗari a fara ba shi gyaɗa tun yana wata 4 zuwa 6, bayan likita ya duba shi, kuma niƙaƙƙiya a dame ta, domin ƙwayarta na iya shaƙe shi.