Daga Faru zuwa Magami: Littafi a Gaban Sarki

Masu ba da tarihin jihadin 1804 sukan tashi daga Degel su faɗa Gudu, su tsallake Zamfara kamar zango ce kawai. Wannan ragi ne babba. A ƙasar da Mafara da Bakura da Maradun suke a yau, Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya yi kusan shekara biyar yana wa'azi a shekarun 1780, kamar yadda ƙaninsa Abdullahi ya kawo a Tazyinul Waraƙat. Faru, da ke yankin Maradun, na cikin wuraren da ya zauna.

Lokacin Gobir ta riga ta ci Birnin Zamfara, mulki ya koma Alƙalawa. Shehu ba shi da dogari, ba shi da barde. Abin da ke hannunsa Alƙur'ani ne da hadisi, yana warware su da Hausa da Fulatanci ga talakawan da ke zaune a ƙasa, har da mata. Zuwan matan nan ya sa Malam Mustafa Goni ya soke shi, Abdullahi kuma ya mayar da martani cewa barin su cikin jahilci ya fi muni.

Gwajin gaskiya ya zo a Magami wajen 1788. Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai ranar babbar salla, ya fito da kyauta. Shehu ya ƙi zinariya, ya nemi abu biyar: a bar shi ya yi kira, kada a hana kowa amsawa, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya yarda. Malami ne ya gindaya wa sarki sharaɗi, hujjarsa kuwa nassi.

Ba shi ya fara ba. Halifa Abubakar, a huɗubarsa ta 632, ya rataya biyayyar jama'a gare shi a kan biyayyarsa ga Allah da Manzonsa. Malaman Faru sun san wannan tarihi sarai.

Ma'aunin bai tsaya kan Gobirawa ba. Wajen 1807, da Abdullahi ya ga son duniya ya shigi 'yan'uwansa mayaƙa, sai ya bar runduna da niyyar tafiya Makka. Mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta musu Liya'ul Hukkam a kan yadda mai mulki zai bi shari'a.