Sidhu: Sunan Dangi Tsakanin Salsalar Fada da Rijiyar Manomi

Daga cikin dangogin Jat na Punjab, Sidhu na cikin waɗanda suka fi samun mulki kafin zuwan Turawa. Gidajen sarautar Patiala da Nabha da Jind duk daga zuriyar wani mutum mai suna Phul suka fito, shi kuwa jinin Sidhu ne. Haka ma sarakunan Faridkot, ta reshen Brar. Wannan mulki ne ya sa labarin asalinsu ya samu gindin zama, kuma saboda shi ne nake ganin ya kamata a karanta labarin da idon basira.

Salsalar da Lepel Griffin ya rubuta a littafinsa na 1870 kan sarakunan Punjab ta danganta dangin da Jaisal, basaraken Bhatti na Rajput da ya kafa birnin Jaisalmer a 1156. Aka ce wani jikansa ya auri 'yar Jat, ta haifa masa Sidhu, daga nan zuriyar ta sauka daga martabar Rajput. Abin lura shi ne dangogin Jat da dama suna da labari mai wannan zubi: kaka basarake, aure da 'yar manoma, sai faɗuwar daraja. Idan labari ɗaya ya yi ta maimaituwa a gidaje daban-daban, to aikin da yake yi ya fi gaskiyar tarihinsa bayyana. Gidan da ya hau karaga, kamar na Ala Singh wanda ya kafa Patiala a ƙarni na 18, yana bukatar kakannin da za su yi kafaɗa da kafaɗa da na maƙwabta. Maroƙan salsala da ake kira mirasi kuwa sana'arsu ke nan.

Ni dai bayanin masanin tarihi Irfan Habib ya fi kwanta mini. Littafin Chachnama, mai ba da labarin yaƙin Muhammad bin Ƙasim a Sindh wajen 712, ya nuna Jat a matsayin mutanen da masu mulki ke rena wa daraja. Habib ya ce makiyaya ne da suka gangaro arewa sannu a hankali, suka rungumi noma bayan da na'urar ɗebo ruwa daga rijiya, wadda shanu ke juyawa, ta bazu a Punjab. Da wannan ake gane dalilin da ya sa cibiyar Sidhu take Malwa, kudu da kogin Sutlej, a yankunan Bathinda da Faridkot da Firozpur, ƙasar da a da mai ƙarancin ruwa ce, wanda ya mallaki rijiya shi ke da gari. Bai kamata a ɗauki wannan asali a matsayin ƙasƙanci ba. Mutanen da suka mai da fako gona sun yi abin da ya cancanci a rubuta.

Akwai kuma wani dalilin yaɗuwar sunan da masu bin salsala kan tsallake. Jat mabiyin addinin Sikh ko Hindu ba ya aure a cikin danginsa, wato got. Don haka sunan ba ado ba ne, doka ce ta aure, kuma duk inda mutum ya je dole ya riƙe shi don a san wadda ta halatta gare shi.

Sauran yaɗuwar sabuwa ce. Daga 1885 Turawa suka haƙa magudanan ruwa a yammacin Punjab, suka raba filaye ga manoma da tsofaffin sojoji, Jat ne a gaba. Rabuwar Indiya da Pakistan a 1947 ta koro mabiya addinin Sikh zuwa gabas, Musulmi masu sunan suka zama 'yan Pakistan. Sannan ga ci-rani zuwa Kanada da Ingila. Mawaƙi Sidhu Moose Wala, wanda aka kashe a 2022, ya yi suna ne yana zaune a Brampton ta Kanada, amma laƙabinsa ya haɗa danginsa da ƙauyensu Moosa da ke gundumar Mansa, a cikin Malwa.