Waɗanda Hanyar Gabas Ta Cinye, Da Waɗanda Suka Ba Da Labarinsu



A ƙauyukanmu na Hausawa da ke tsakanin Wad Madani da Rusairis akwai gidaje da dama da har yau ake ambaton wani kaka ko wata inna da suka baro ƙasar Hausa cikin ayari ba su iso ba, ko kuwa suka ƙetare Bahar Maliya aka daina jin ɗuriyarsu. Mu zuriyar matafiya ne, kuma a hanyar aikin Hajji aka kafa garuruwanmu. Don haka tambayar da za mu bi a nan ta shafe mu kai tsaye: idan aka zalunci matafiyi nesa da gida, wa ke ba da labarinsa, kuma don amfanin wa?

Hanyar ta girmi Turawan mulki. A 1814 wani matafiyi ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Burckhardt ya gamu da maniyyata daga yamma a yankin Shandi da Sawakin, ya rubuta yadda suke tafiya a ƙasa, suna neman abin guzuri daga gari zuwa gari. Larabawa suna kiransu Takarir, kalmar da ta zama “takari” a bakinmu. Amma babban kwararowar jama’a ya biyo bayan faɗuwar Sakkwato a watan Maris na 1903 da shahadar Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar masu hijira zuwa gabas, har suka sauka a bakin Nilu kudu da Sinnar, inda garin Mai Wurno yake a yau. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai maniyyaci ya sami inda zai yi ƙwadago shekara biyu ko biyar, ya tara kuɗin jirgi. Wasu sun tara sun wuce. Wasu sun tsaya sun haife mu.

A wancan zamani maniyyaci ba shi da jarida. Labarinsa yana bakin alhazai masu komowa da cikin wasiƙun ajami da ake danƙa musu. Wasiƙa takan yi shekara kafin ta isa Kano ko Katagum, idan ma ta isa. Wanda ’yan fashi suka tare tsakanin Wadai da Darfur, ko wanda mai jirgin katako ya karɓe wa kuɗi ya sauke shi a gaɓar da babu ruwan sha, labarinsa yakan ƙare ne a zauren da aka yi masa addu’a.

Mafi munin abin da ya sami matafiyan nan shi ne sayar da ’ya’ya a matsayin bayi a kasuwannin Hijaz. Hanyoyin yaudarar sanannu ne. Wani yakan zo da kamannin malami ko jagora, ya ce zai kai yara su sauke farali, idan an ƙetare ruwa ya sayar da su. Wani yakan auri mace a hanya da wannan niyya. Wani kuma guzurinsa ne ya ƙare, sai ya dubi yaron da aka ba shi amana. Wajibi ne mu faɗi gaskiya ko da tana da ɗaci: da yawa daga masu wannan cin amana da harshenmu suke magana, domin baƙo ba ya sakin jiki sai da wanda ya gaishe shi da Hausa.

Lokacin da wannan labari ya shiga takarda, da alƙalamin wasu ya shiga. A 1924 ƙungiyar ƙasashen duniya da ke Janeba, wadda ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya, ta kafa kwamitin binciken bauta, kuma cikin wakilansa har da Lugga, wanda rundunarsa ce ta kori kakanninmu daga Sakkwato. Gwamnatin Nijeriya ta turo jami’inta G. J. Lethem ya bi hanyar alhazai ta Sudan har Jidda. Abin da ya fi tayar wa Ingila hankali a lokacin shi ne aƙidar Mahadiyya, da tsoron kada mazauna bakin Nilu su mayar da ita Arewacin Nijeriya. Saboda haka a rahotanninsu maniyyaci yakan fito da fuska biyu: ko abin tausayi da za a ceta, ko abin zargi da za a sa wa ido. Sunansa, garinsu da abin da ya faɗa da bakinsa ba su cika samun wuri ba.

Duk da haka rubutun ya yi tasiri, kuma adalci ne mu ambata. A yarjejeniyar Jidda ta 1927 Sarki Abdul’aziz ya yi alkawarin taimakawa wajen hana cinikin bayi, kuma ofishin jakadancin Ingila a Jidda ya ci gaba da ’yanta waɗanda suka gudo gare shi har zuwa 1936. Ta ɓangarenmu kuwa aka tsaurara dokar fasfo, da ajiye kuɗin komawa, da killace maniyyata a Sawakin don duba lafiyarsu. Mai hali ya amfana da wannan tsari. Talakan da ba zai iya biya ba sai ya kauce wa hukuma, ya nufi Masawa ko wata gaɓa ta ɓoye, ya hau jirgin masu fasa-ƙwauri da dare, wato ya faɗa hannun mutanen da aka ce ana kare shi daga gare su.

Sai bayan yaƙin duniya na biyu aka ji muryar wanda abin ya shafa da sunansa. Awad el Joud, mutumin ƙasar da a yau ake kira Mali, ya bi maigidansa zuwa Hajji, aka bar shi bawa a can. Ya kuɓuta, ya koma Bamako, ya kai ƙara. Jaridun Faransa suka ɗauki labarin, wani fasto ɗan majalisa mai suna La Gravière ya yi bincike a Afirka ta Yamma ya gabatar da rahoto, a daidai lokacin da ake shirya ƙarin yarjejeniyar hana bauta da aka sa wa hannu a Janeba a 1956. A watan Nuwamba na 1962 Saudiyya ta haramta bauta. Mutum ɗaya mai suna da gari ya motsa abin da tarin rahotanni marasa suna suka daɗe suna kewayawa.

A wannan tsakani ne Hausawa suka sami nasu kafofin. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a 1939, sashen Hausa na BBC ya fara magana a 1957. Motoci suka maye gurbin jakuna da ƙafa, sannan jirgin sama ya mayar da tafiyar shekaru ta koma ta sa’o’i. Hanyar ƙasa ta yi sanyi, mu da muke zaune a kanta muka fita daga labarin Hajji. Zalunci kuwa bai mutu ba, ya canza riga ne. A watan Disamba na 2018 aka kama wata ɗaliba ’yar Nijeriya a Madina, ta je Umra da mahaifiyarta, bisa zargin shigo da ƙwaya, laifin da hukuncinsa kan kai ga kisa. Binciken hukumar NDLEA ya nuna cewa wasu ma’aikata a filin jirgin saman Kano ne suka liƙa sunanta a jakar da ba tata ba. Gidajen rediyo da masu rubutu a Facebook da Twitter suka ƙi yin shiru, gwamnati ta shiga maganar, aka sake ta a ƙarshen Afrilun 2019. Dabarar da aka yi mata ita ce ta mayaudaran Sawakin: a ci amanar mai niyyar ibada a wurin da ba shi da kowa. Bambancin kawai shi ne an san sunanta, an kuma yi ta maimaita shi.

Mu a Sudan mun kuma ɗanɗani ɗaya gefen wuƙar. A watan Oktoba na 2008 jaridar Al-Ayyam ta buga wata magana da ta jingina wa shugaba Umar al-Bashir cewa Hausawa ba ’yan ƙasa ba ne. Ya musanta, amma kafin ƙura ta lafa an rasa rayuka a zanga-zangar Gadarif. A Yulin 2022 an kashe mutum fiye da ɗari a rikicin yankin Rusairis da Damazin, a Oktoba kuma wajen ɗari biyu a Wad al-Mahi. Kafofin duniya da dama suka taƙaita abin da cewa faɗan ƙabilu ne a kan ƙasa, alhali a shafukan sada zumunta ana ta kiran jikokin mutanen da suka haura shekara ɗari a nan da sunan baƙi. Kalmar da aka yi wa matafiyi laƙabi da ita ta bi zuriyarsa har ƙarni na huɗu.

Da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, duniyar Hausa ta bi labarin ɗaliban Nijeriya da aka kwashe a motoci zuwa iyakar Masar sa’a bayan sa’a, kuma sun cancanci hakan. Amma da Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disambar 2023, Sinja kuma a ƙarshen Yunin 2024, dubban iyalai sun bi hanyoyin Jazira da Sinnar a ƙasa kamar kakanninsu, ana tare su ana ƙwace musu waya da kuɗi da dabbobi. An yanke intanet a yawancin ƙasar a Fabrairun 2024. Waɗannan matafiya ba su da jakadan da zai yi magana a madadinsu, kuma kaɗan ne daga cikinsu aka ji sunansu a rediyo.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da tarihin nan ya koya mana shi ne a rubuta. Kowane mai unguwa da limami da magatakarda ya buɗe littafi: sunan wanda aka zalunta, garinsu, ranar da abin ya faru, wurin, da shaidu biyu. A tantance labari kafin a yaɗa shi, kamar yadda Suratul Hujurati ta hore mu, domin ƙarya ɗaya takan zubar da mutuncin gaskiya ɗari. Kada kuma a ɓoye laifi don mai laifin namu ne. Muna roƙon ’yan jaridar Kano da Kaduna da Maraɗi su nemi waɗannan littattafai idan an rubuta su, su karanta sunayen da ke ciki.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka kwanta a hanya, Ya mayar da waɗanda suka watse gidajensu lafiya. Amin.