Ikkilisiyar Anglikan ta Wusasa: Sujadar Mako da Zaman Jama'a

Wusasa unguwa ce a bayan ganuwar Zariya, ta yamma da birni, kusa da duwatsun Kufena. A nan majami'ar St. Bartholomew take, wadda tun 1929 ta zama cibiyar Kiristocin ɗariƙar Anglikan masu sujada da Hausa. Ta bambanta da majami'un Sabon Gari na Kano da Zariya, waɗanda baƙi daga kudu suka kafa da harsunansu, domin ita 'yan ƙasa ne suka cika ta: Hausawa da Fulani da sauran mutanen Arewa da Hausa ta haɗa su. Tsarin sujadarta daga Ingila ya zo, amma ginin da harshen da ladabin zaman duk na ƙasar Hausa ne.

Asali

Hausar da aka rubuta addinin Kirista da ita a farko-farko tana da saiwa a Damagaram. Dorugu, yaron da aka haifa a Dambanas kusa da Kance, an kama shi a wani harin bayi yana ƙarami, aka yi ta sayar da shi har ya kai Kukawa. A can Bajamushe Adolf Overweg ya 'yanta shi, ya koma hidimar Heinrich Barth, wanda ya tafi da shi Ingila a 1855. Dorugu ya zauna wurin Rabaran James Frederick Schön na ƙungiyar mishan ta CMS, reshen bishara na Anglikan. Daga bakin wannan yaro Schön ya samo mafi yawan abin da ya zuba a littafin nahawunsa na 1862, da ƙamusunsa na 1876, da Magana Hausa na 1885, kuma da taimakonsa ya fassara sassan Littafi Mai Tsarki. Dorugu ya rasu a Kano a 1912. Ba kasafai ake ambaton sunansa a tarihin ikkilisiya ba, kuma wannan rashin adalci ne gare shi.

A 1900 ayarin CMS na mutum 5 ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell ya isa Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Ɗaya daga cikinsu, likita Walter Miller, ya dawo ya zauna a cikin birnin Zariya daga 1905, ya buɗe makaranta da ɗakin shan magani a zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi. A 1913 wasu daga cikin Isawa, mabiyan Malam Ibrahim da aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda koyarwarsa a kan Annabi Isa, suka nemi Miller. An kafa musu zango a Gimi, amma ciwon barci ya watsa garin. Waɗanda suka tsira da 'ya'yansu suna cikin tushen jama'ar Wusasa. Gwamnatin mulkin mallaka da fadar Zazzau ba su so mishan ya ci gaba da zama a cikin birni ba, don haka a 1929 aka koma Wusasa ƙarƙashin Rabaran Guy Bullen. Miller bai goyi bayan ƙaurar ba. Ya ci gaba da aikin fassara, kuma a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa.

Majami'ar ginin ƙasa ce, magina Hausawa suka yi ta da bango mai kauri irin na soron fada. Irin wannan gini yana riƙe sanyi da rana, amma yana bukatar yaɓe da kulawa kowace damina. An sa mata sunan Bartalamawas, ɗaya daga cikin manzanni 12 na Yesu Almasihu.

Sujadar Lahadi

Abin da ya raba sujadar Anglikan da ta ikkilisiyoyin da ke addu'a yadda ta zo wa mutum a baki shi ne littafi. Thomas Cranmer, babban bishop na Kantabari, ya tsara Littafin Addu'a na farko a 1549, bugun 1662 kuma shi ne wanda 'yan mishan suka bazu da shi duniya. Ikkilisiyar Anglikan ta Najeriya ta fitar da nata a 1996. Saboda haka mai zuwa majami'a ya san abin da zai biyo baya tun kafin a fara, kuma tsoho wanda idonsa ya daina ganin rubutu yakan bi addu'o'in da ka.

Ana farawa da ƙararrawa. Mawaƙa su shigo a jere cikin rigunansu, mai ɗauke da gicciye a gaba, limami a baya sanye da farar riga a kan baƙa. Jama'a su miƙe. Bayan waƙar buɗewa sai kowa ya durƙusa a yi furcin zunubi baki ɗaya, da dattijo mai rawani da yaron makaranta da murya guda, sannan limami ya furta gafarar Allah ga masu tuba. Daga nan sai Zabura, wadda ake karantawa ba-ni-in-ba-ka: mai jagora ya ɗauki aya, jama'a su amsa da ta gaba. Akwai karatu daga Tsohon Alkawari da daga Sabon Alkawari, kuma ba limami ke zaɓar abin da ransa ya so ba. Jadawalin shekara ne ke faɗin nassin kowace Lahadi. Hikimar wannan tsari babba ce, domin yana hana mai wa'azi maƙalewa a kan ayoyin da suka yi masa daɗi kawai, yana kuma sa jama'a su ji sassan littafin da ba sa so su ji.

Ranar da ake Jibin Ubangiji, tsarin yakan fi tsawo. Ana karanta Wasiƙa a zaune, Bishara kuwa a tsaye. Bayan wa'azi da shaidar bangaskiya sai a yi gaisuwar salama, inda mutane ke juyawa su miƙa wa na kusa hannu. Wanda ya san zaman unguwa ya san nauyin wannan ɗan lokaci, domin wadda kuka yi cacar baki da ita a bakin famfo ran Alhamis tana iya zama ita ce a gefenki. Limami ya keɓe gurasa da ruwan inabi, masu karɓa su fito layi-layi su durƙusa gaban bagadi, tafin dama a kan na hagu. Waɗanda aka yi wa baftisma kuma bishop ya ɗora musu hannu, wato ya tabbatar da su, ne ke karɓa. Yara da masu shirin tabbatarwa sukan fito a sa musu albarka.

Waƙa iri biyu ce. Akwai ta Littafin Waƙoƙi, wadda yawancinta fassara ce a kan karin Turawa, kuma mai kunnen Hausa yakan ji inda karin waƙar ya take karin maganar. Akwai kuma waƙoƙin da mata suka tsara da kansu, na amshi, da tulu da ganga da kacau-kacau. Waɗannan su ke tayar da majami'a lokacin baiko, inda ake fitowa rukuni-rukuni cikin taku a zuba abin da ya sawwaƙa. Manoma kan kawo nasu a kwarya ko a buhu.

Sanarwa tana da nata muhimmanci, ko da yake baƙo zai iya ganin ta yi tsawo. A nan ake jin wa ya haihu, wa ke kwance a asibiti, wa aka yi wa rasuwa, wa ya zo baƙunta. Aure kuma sai an yi shelarsa Lahadi 3 a jere, don duk mai wata hujja ta hana shi ya fito ya faɗa. Bayan albarkar rufewa ba a watsewa nan take. Gaisuwa a farfajiya takan ɗauki lokaci: matasa su rusuna wa "Baba" da "Mama", a tambayi gida da gajiya da mai jiki. Yara kuwa suna da Makarantar Lahadi, inda ake haddar ayoyi da labaran annabawa.

Sauran kwanakin mako

Ikkilisiyar da ba ta buɗe ƙofa sai Lahadi ba ta daɗewa, kuma Wusasa ba ta taɓa zama irin wannan ba, domin an kafa ta ne da makaranta da asibiti a jikinta. A tsakiyar mako akwai nazarin Littafi Mai Tsarki da taron addu'a, mawaƙa na da ranakun gwajinsu, masu shirin baftisma da tabbatarwa na da ajinsu wurin katikis.

Ƙashin bayan wannan zama mata ne. Anglikan na da ƙungiyar iyaye mata ta duniya da Mary Sumner ta kafa a Ingila a 1876, a Arewa kuma akwai Zumuntar Mata, wadda kusan kowace ɗariƙa ke da reshenta. Ana gane su da zane da ɗankwali iri ɗaya. Su ne ke zuwa barka da sabulu da ɗan hatsi, su ne ke ɗora tukunya a gidan makoki, su kwana da mai takaba, su yi karo-karo idan kuɗin makarantar maraya ya gagara. Ba a rubuta yawancin wannan aiki a rahoton shekara, amma da shi ake auna ko ikkilisiya na da rai. Ikkilisiyar Najeriya ba ta naɗa mata limamai, sai dai suna karatun nassi, suna koyarwa, suna kuma zama a majalisar ikkilisiya.

Asibitin St. Luke na Wusasa yana karɓar Musulmi da Kirista. Makarantun garin kuma sun fitar da mutanen da aka sani a ƙasa: Dakta Barau Dikko, likitan zamani na farko daga Arewa, wanda aka sa wa babban asibiti sunansa a Kaduna, Farfesa Ishaya Audu, shugaban Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da Janar Yakubu Gowon, wanda mahaifinsa mai bishara ne a nan. John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, shi ma ɗan wannan jama'a ne.

Shekara da shugabanci

Shekarar ikkilisiya tana farawa da Lahadi 4 na shirin Kirsimeti, ta bi ta azumin kwana 40 zuwa Ista, sannan Fentikos, launin kayan bagadi yana sauyawa da kowane lokaci. Ranar Bartalamawas, 24 ga Agusta, tana faɗowa a tsakiyar marka. Bayan an yi girbi sai godiyar kaka, inda ake jere dammunan dawa da gero da buhunan masara a gaban bagadi, a sayar a zuba kuɗin a aikin ikkilisiya.

Limami na aiki da wakilai 2, ɗaya shi ke zaɓa, ɗaya jama'a, da majalisar da ake zaɓa a taron shekara. Sama da su akwai bishop. Ikkilisiyar Najeriya ta samu cin gashin kanta ran 24 ga Fabrairu 1979, Wusasa kuma ta zama dayosis a ƙarshen shekarun 1990, da Bishop Ali Buba Lamido. Kwalejin St. Francis ta Wusasa tana horar da limamai da masu bishara.

Maƙwabta, da 'yan'uwa a Damagaram

Kiristan Wusasa da Musulmin birni sau da yawa dangi ne na jini. Ana aika tuwon sallah, ana mayar da shinkafar Kirsimeti, ana haɗuwa a jana'iza. Zaman bai rasa tabo ba: rikicin da ya tashi a Kafanchan a Maris 1987 ya iso Zariya, aka ƙona majami'u da dama.

A ƙasar Dorugu kuwa tarihi ya bi wata hanya. Faransawa suka ci Damagaram a 1899, daga baya ta zama hedkwatar mulkinsu a Nijar har 1926, kuma CMS ba ta kafa tasha a can ba. Mishan ɗin SIM ne ya fara aiki a Damagaram a 1924, saboda haka 'yan tsirarun Kiristocin birnin galibinsu 'yan ikkilisiyoyin bishara ne da Katolika, su Katolikan suna ƙarƙashin dayosis ɗin Maraɗi. Su ma sun ga tashin hankali ran 16 ga Janairu 2015, lokacin da zanga-zangar ƙin zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo ta rikiɗe aka ƙona majami'u. Masu sujada da Hausa a cikinsu suna karanta fassarar Littafi Mai Tsarki iri ɗaya da ta Wusasa, wato sabuwar da ta gaji ta 1932. Ƙalubalensu ma ya yi kama: a biranen Najeriya matasa da yawa na komawa sujadar Turanci, a Nijar kuma ta Faransanci, ikkilisiyoyi da dama suna raba safiyar Lahadi gida biyu don kowane harshe ya samu rabonsa.